Zagayen Ƙarfe Biyar

Ina tsaka da kafa hannun riga na ji wani abu ya faɗi a saman kaina, tim, har zaren da ke kan kanta ya gangaro ƙasa. Na ajiye rigar na kasa kunne. Da farko ban ji komai ba, sai can na ji ana jan kujera, a ja a tsaya, kamar mutum yana son tashi yana kasawa.

Shagon ɗinkina a ƙasan bene yake, ɗakin kwanana a bayansa. A sama kuwa wani tsoho ne shi kaɗai, mai gyaran agogo da ya ajiye aiki, kowa a layinmu Mai Agogo yake ce masa. Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya ban taɓa taka ɗakinsa ba. Ran nan na haura da gudu, almakashi a hannuna, ban ma san ban ajiye shi ba.

Ƙofar ba a kulle take ba. Na same shi a ƙasa tsakanin tebur da gado, kujera ta danne masa ƙafa, bakinsa ya karkace gefe guda. A kan teburin akwai akwatunan ƙarfe biyu masu ƙananan fitilu, da abin magana mai igiya yana reto a gefe. Wata murya mai kauri tana fitowa daga ciki, ta kira wasu haruffa da lambobi, sannan ta ce, "Agogo, layinka ne. Muna jin ka."

Na durƙusa na ce, "Baba, me ya same ka? Kana ji na?"

Idonsa biyu, yana ganina sarai. Ya ɗaga hannun hagu, wanda ke motsi, ya nuna teburin. Ni kuwa ina ruwana da tebur a lokacin. Na ture kujerar, na leƙa ta taga na ƙwala wa mai walda na ƙetaren titi kira, shi ya tare mana tasi. Muka sauko da tsohon, mai walda ta wajen kai, ni da direban ta wajen ƙafa. Har muka fita daga ɗakin hannun nan bai daina nuna teburin ba, muryar kuma tana ta kiransa.

Ban taɓa ganin mutum mai kunyar jama'a irin Mai Agogo ba. In ya jiyo takuna a matakala yana saukowa, sai ya juya ya koma kamar ya yi mantuwa. In ta kama dole muka haɗu, zai sunkuyar da kai ya ce wa takalmansa "sannu", ni in amsa a madadinsu. Ni kuma Allah ya yi ni da surutu, kwastomomina ma sukan ce da baki nake ɗinki, keken rakiya ce kawai.

Watan da na tare a gidan na tsinci takarda a ƙarƙashin ƙofa, rubutu a jere kamar na inji. Wai don Allah, in babu damuwa, injin kekena yana shiga rediyonsa, ko zan taimaka in tsaya daga biyar zuwa biyar da rabi, in kuma ba zai yiwu ba in yi haƙuri. Raina ya ɓaci. Na haura na buga ƙofa don in ji wanda ya naɗa shi sarkin lokacina. Bai buɗe ba, amma ina jin numfashinsa a bayan ƙofar. Washegari da safe sai ga wani mataccen agogon bango da na jefar a kwandon shara, an goge shi tas an jingine a bakin shagona, yana aiki. Daga ranar, biyar na cika sai in kashe keke in ɗauki aikin hannu, maɓalli ko kalmasa.

A wannan rabin awar na san shi. Ina da ƙaramin rediyo a kan kanta, kuma duk lokacin da tsohon ya danna abin maganarsa a sama, sai muryarsa ta kutso cikin nawa, ko wace tasha nake saurare. Nasa ɓangaren kawai nake ji. Mutumin da ba ya iya haɗa kalma uku a gabana, sai ka ji shi yana zolaya, yana gardama a kan ko za a yi ruwa, yana dariya har da tari. Daga baya na gane irin rediyon nan ne da mutane ke karɓar lasisi su kafa a gida, su riƙa magana da 'yan uwansu masu irinsa a garuruwa masu nisa. Ban taɓa nuna masa ina ji ba. Na san in ya sani, sai ya tashi daga gidan.

Litinin ce ranar da ya faɗi. Likita ya ce jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ya shanye, magana kuma ta tafi. A aljihunsa na sami lambar 'yarsa a rubuce, don shi bai taɓa riƙe wayar hannu ba. Malamar makaranta ce a wani gari, ta iso Talata da rana da jaka ɗaya a kafaɗa. Doguwa ce mai sauri, ba ta iya zama. Tana gode min tana gyara zanen gado, tana tambayar nas tana duba kwalbar ƙarin ruwa.

Shi ma tsohon bai kwanta lafiya ba. Ya ture bargo, ya ja robar ƙarin ruwa, ya yi ta juya kai yana neman agogon da ke bangon ɗakin. Biyar saura kwata sai abin ya tsananta, ya riƙa ƙoƙarin zuro ƙafarsa mai lafiya ƙasa, sai da nas biyu suka riƙe shi. Suka ce ruɗewa ce, haka ciwon yake yi.

A baranda na ce wa Malama ni a ganina ba ruɗewa ba ce, rediyonsa yake nema. Ta tsaya cak ta dube ni.

"Yaya, don Allah kar ki yi min maganar akwatin nan."

Sai ta fara, tana kai da komo a gabana. Mahaifiyarta ta rasu tana shekara tara. Shi ya raine ta, shi ke dafa mata abinci, shi ya koyi kitso don kanta, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Amma sai su wuni a ɗaki ɗaya bai yi mata kalma goma ba. Tana aji na ƙarshe a sakandare ya sayi rediyon. Daga nan kullum biyar ta yi sai ya tura ƙofa, ta tsaya a waje tana jin ubanta yana dariya da mutanen da bai taɓa gani ba. Ta ce har yau ba ta ƙaunar jin shuuu ɗin rediyo.



Laraba na buɗe shago amma aiki ya gagara. Na ɗinke hannun riga a bai-bai, na farke, na sake ɗinkewa a bai-bai. Na fita bakin titi na dawo, na share shagon da na riga na share. Makullin ɗakinsa yana aljihuna tun ranar da na rufe masa ƙofa, ina jin nauyinsa kamar dutse. Biyar saura kaɗan na haura.

Rediyon yana kunne yadda muka bar shi. Sai a lokacin na kalli ɗakin sosai. Gado ɗan siriri, kofi ɗaya, cokali ɗaya, akwatin kayan gyaran agogo a rufe. Bango ɗaya kuwa cike da katunan gaisuwa daga garuruwa, an manna su a jere babu wanda ya karkace.

Muryar nan mai kauri ta buɗe zagayen. Direba suke ce masa, tsohon direban jirgin ƙasa ne. Ya riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi 'yan kalmominsa ya miƙa. Akwai wata dattijuwa da ke kiwon ƙudan zuma, Mai Zuma, akwai wani likitan dabbobi mai magana ta hanci. Da aka zo kan Agogo, Direba ya kira sau uku, suka yi shiru suna jira. Shirun ya yi tsawo har na ji kamar ni ake kallo.

Mai Zuma ta ce shekara goma sha tara sau ɗaya ya taɓa fashi, ranar auren 'yarsa, shi ma wata guda kafin nan ya ba da sanarwa. Likitan ya ce ya duba katinsa, akwatin gidan waya ne kawai a jiki, babu lambar gida. Direba ya ce gobe zai sake kira.

Na ɗauki abin maganar na ajiye. Na sake ɗauka. Ni da ke iya tsayar da mai tallan kifi awa guda da hira, sai ga ni ina ta juya shi a hannu. Na danna maɓallin gefe yadda na ga alama ana yi.

"Salamu alaikum. Ni... maƙwabciyarsa ce. Yana asibiti."

Na saki maɓallin. 

"Mai keke ce?" in ji Direba.

Na ce ni ce.

"Sannu, 'yata. Ashe haka muryarki take. Mu ƙarar kekenki kawai muka sani, ranar da kika manta."

Ya ce doka ba ta yarda wanda ba shi da lasisi ya yi dogon zance a nan ba, in faɗi lambar wayata kawai. Ban ƙarasa saukowa ba ya kira. Na faɗa masa komai, har da ƙafar da ke neman ƙasa in biyar ta kusa. Ya tambaye ni ko hannun hagu yana aiki, na ce yana yi. Sai ya ce in koma in duba gefen tebur, zan ga wani ɗan katako da ƙarfe mai maɓalli a kai, da batir a maƙale. In an danna yana ƙara, gajere ko dogo, kowane harafi da irin nasa bugun. Da shi Agogo ya koyi irin wannan maganar, kuma duk cikinsu babu mai saurinsa. In kai masa asibiti. Gobe da biyar in zauna gaban rediyo da wayata, 'yarsa ta riƙe tata kusa da shi. In na ji ƙarar ta wayar, in kara abin magana in danna.

Na ce, "Dokar fa?"

Ya ce, "Laifin a kaina. Na tsufa, ba mai ɗaure ni."

Malama ta ƙi. Ta ce ba ta bar 'yan ajinta ta yi tafiyar awa shida don ta zama mai riƙe wa baƙi waya ba. Na ajiye ɗan katakon a kan durowar gefen gado. Tsohon ya gan shi, ya miƙa hannu da ƙarfi har allurar ƙarin ruwa ta fita, jini ya ɓata zanen gado. Nas ta zo tana faɗa. Malama ta tsaya tana kallon jinin, sannan ta ɗauki katakon da kanta ta sa masa a ƙarƙashin hannu.

"Sau ɗaya," ta ce da ni, ba ta dube ni ba.

Alhamis tun huɗu da rabi ina ɗakinsa. Na zauna na tashi, na gwada wayar sau biyar, na goge teburin da babu ƙura a kai. Da lokaci ya yi kiran ya ƙi shiga, sai a karo na uku Malama ta ɗauka. Na ƙara sautin wayar na jingine ta da rediyo.

Direba ya buɗe zagayen kamar kullum, bai canza murya ba. Mai Zuma ta ba da labarin ƙudajenta da suka yi hijira suka sauka a motar maƙwabci, mutumin ya kwana biyu yana tafiya a ƙafa. Likita ya yi ƙorafin wata akuya da ta haɗiye safa. Babu wanda ya ambaci ciwo. Sannan Direba ya kira haruffan da lambobin, ya ce, "Agogo, layinka ne."

Ta wayar na ji ƙarar keken magani yana wucewa, da tarin wani majinyaci. Sai ga shi, siriri, a hankali, tit, tit, tiiit. Na kara abin maganar na danna. Ya yi ta bugawa yana tsayawa. Da ya yi shiru na saki.

Direba ya fashe da dariya har ya sarƙe. Mai Zuma ma tana yi.

"Mai keke," ya ce, "wai mun makara da minti biyu."

Ni ma na yi dariya, hawaye na zuba a kan teburin da na goge. Ƙarar ta sake tashi, wannan karon ta fi tsawo, sau biyu tana yankewa. Da ta ƙare Direba ya gyara murya.

"Sakan, kina kusa?"

Na ji Malama ta ja numfashi. Na danna mata abin maganar.

"Wa ya faɗa muku sunan nan?"

"Babanki. Ya ce tun kina rarrafe ba kya tsayawa wuri ɗaya, kamar hannun sakan na agogo. Yanzu cewa ya yi ki zauna, tun safe kina tsaye. Ya ce kuma ba ki ci komai ba."

Mai Zuma ta karɓe da murna. Ta ce ai su sun san ta sarai, sun san ranar da ta ci jarrabawar zama malama, sun san ta karye a hannu wajen koyon babur, sun san ɗanta na biyu ya yi haƙori da wuri. Tana cikin lissafi wayar ta katse. Na zaci layi ne, na sake kira, ba a ɗauka ba.

Da yamma na same ta a barandar asibitin, a zaune kuwa, da burodi a cinya ba ta taɓa ba. Tsohon yana barci, barcinsa na farko mai nauyi tun Litinin.

"Kin ji, Yaya? Har karayar hannuna sun sani. Ranar da na karye ya zo ya zauna a gefena awa uku, abin da ya ce min kawai shi ne, 'Yana zafi?' Ya je ya faɗa wa duniya, ni bai faɗa min ba."

Na ce wataƙila fuskar mutum ce ke ɗaure masa harshe, ko da fuskar da ya fi so ce. Ta ce ta sani, sanin bai rage mata komai ba. Ta gutsuri burodin ta riƙe a hannu.

Juma'a da hantsi ina yanka yadi wayata ta yi ƙara. Muryarta a kwance take, ba kuka. Ta ce ya cika, yanzun nan, tana zaune a gefensa. Na ce Allah ya jiƙansa, na fara neman takalmina. Sai ta ce, "Yaya, ya danna abin nan kafin ya tafi. Yana kallona yana dannawa. Ban san me ya ce ba."

Ni na kira Direba na faɗa masa. Ya ce zai sanar da sauran. Ran nan ƙarfe biyar ta yi mana a hanya muna dawowa daga kai shi makwancinsa, ban haura sama ba.

Kwanakin da suka biyo baya Malama ta yi su a ɗakin tana tattara kaya. Ta naɗe tufafi, ta ba mai walda akwatin kayan gyara, ta ciccire katunan bango ta zuba a kwali. Teburin rediyon kawai take zagayewa. Ina jin takunta a saman kaina daga safe har yamma, wani lokaci kuma in ji tana wani abu da baki, tit tit tiit, ta tsaya, ta sake daga farko. Mai gidan ya aiko cewa a sauke igiyar eriyar rediyon da ke kan rufi kafin sabon ɗan haya ya zo.

Rana ta biyar da la'asar na ga wani ɗan tsamurmurin tsoho a bakin ƙofar gida, jaka a hannu, ya cire hula yana murzawa. Ya matso ya koma, ya duba lambar gidan, ya sake komawa. Na leƙo na ce, "Baba, wa ake nema?" Ya sunkuyar da kai yana kallon bakin kwata, leɓensa na motsi babu abin da ke fita. Na sake tambaya.

"Mai keke?" ya ce a hankali.

Da ba don muryar ba da ban yarda Direba ne ba. Mota biyu ya hau, ya kwana a hanya. Na kai shi sama. Shi da Malama suka gaisa kowa na kallon wani gefe. Ya tsaya gaban teburin ya daɗe, ya taɓa bayan kujerar, bai zauna ba. Na kawo ruwa, na yi ta surutu don in cike ɗakin, har na ji kunyar kaina na yi shiru.

Malama ce ta fara. Ta ce akwai abin da take son ya karanta mata. Ta rufe ido ta yi ƙarar da baki. Ya ce ta sake. Ta sake, amma wannan karon dogon ya zo a wani wuri daban. Ta yi na uku, shi ma ya bambanta. Ta buɗe ido tana jira.

Direba ya murza hularsa.

"'Yata, kowanne da abin da yake bayarwa, kuma babu wanda ya zama kalma. Zan iya ƙirƙiro miki mai daɗi. Amma ba zan yi miki ƙarya a kan babanki ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta share ido da bayan hannu. Can ta ce mai gida yana son a sauke eriya, ita kuma ba ta san ta inda ake farawa ba. Ya ce shi ya sani.

Muka hau rufin ta ƙaramar matakalar baya. Igiyar doguwa ce, daga sandar ƙarfe a wannan kusurwa zuwa tankin ruwa a waccan. Ya kwance ɓangaren tankin, ya miƙa mata bakin ya ce ta riƙe kar ta saki, in ba haka ba za ta cukurkuɗe. Ya taka zuwa ɗaya kusurwar ya kwance can. Rana ta yi sanyi, a ƙasa mai walda yana rufe shago. Na zauna a kan bulo ina kallonsu. Tana tsaye wuri ɗaya da bakin igiyar a hannu biyu, shi kuma yana naɗewa daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu, yana matsowa wajenta taku ɗaya bayan ɗaya.